Kukan Babur Jawabi Ne

Ranar wata Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari take ci, na fara jin ƙarar da ta hana ni barci har mako biyu. Na taso daga Gumel da hantsi, ɗauke da wani dattijo da rabin buhun riɗinsa. Mun yi nisa, injin ya ɗauki zafi, sai ga wata motar shanu ta cinye hanya, na sauka gefe cikin rairayi na ba ta wuri. Da na murɗa totur zan koma kan kwalta, sai na ji wani abu daga can ƙasa, tsakanin ƙafafuna, yana cewa ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar wanda aka kulle a ɗaki yana dukan ƙyauren ƙarfe da dunƙulen hannu. Na saki totur, ƙarar ta lafa. Na sake murɗawa, ta dawo. Dattijon bai ji komai ba, yana ta ba ni labarin tsadar takin zamani. Ni kuwa gabana ya riga ya faɗi, domin a wata ukun da na yi ina zama a rumfar Kawu na koyi abin da ya isa in san cewa ba kowace ƙara ce ake kwana da ita ba.

Ya kamata in faɗi yadda aka yi mai digiri a fannin Hausa ya zama ɗan acaɓa. Yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022 ya cinye mana wata takwas. Da kyar muka kammala, na tafi hidimar ƙasa, na dawo gida a ƙarshen 2024 da takardun shaida biyu cikin leda. Na rubuta wasiƙun neman aiki har hannuna ya haddace su, babu wanda ya amsa. A lokacin litar fetur, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023, ta haura naira 1,000, komai na masarufi kuma ya bi ta a guje. Wata safiya Inna ta kira ni ɗakinta. Ta sayar da awakinta uku, ta haɗa da kwasar adashinta, ta ɗaure kuɗin a gefen zane. Ta miƙo mini ta ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Je ka nemi babur ko na hannu ne, ka daina zaman jiran waya."

Kuskurena na farko shi ne ban tafi da Kawu wurin sayen ba. Kawu ƙanin Inna ne, bakaniken babura, rumfarsa ta kwano tana ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya. Tun ina firamare yake cewa in riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta in koyi riƙe sifana, ni kuwa ina ƙyamar baƙin mai a farce. Saboda haka kunya ta hana ni in je in ce masa ga inda bokon ya sauke ni. Na tafi wurin dillalai ni kaɗai. Aka tayar mini da wani jan babur, na karkata kai na kasa kunne kamar wanda ya san abin da yake saurare. Injin yana tafiya luf-luf, babu ko tari. Na biya, na hau, na taho gida ina jin babu ya ni.

Mako guda da fara aiki wata ƙara ta ishe ni. Ba ta zuwa sai na kai wani gudu na musamman a giya ta huɗu, sai in ji ziiii, kamar an kulle rina a gwangwani. In na ƙara wuta ta ɓace, in na rage ta ɓace. Na ɗauka injin ne zai tarwatse, dole na haɗiye girman kai na nufi darbejiya. Kawu bai yi mini gori ba. Ya dubi babur, ya dube ni, ya ce, "Malam, sannu da zuwa. Yi mini ƙarar da bakinka." Yaran shago suka fashe da dariya, amma shi fuskarsa babu wasa. Na yi masa. Ya sa wani yaro ya riƙe totur daidai inda ƙarar take fitowa, shi kuma ya riƙa zagaya babur yana ɗora tafin hannu a kan kowane abu, fitila, tanki, murfin batir, kariya. Da hannunsa ya sauka a kan lambar baya, sai ƙarar ta ɗauke ɗif. Noti ɗaya ne ya kwance. Ya ɗaure, ya ce, "Kuɗinka goro ɗaya."

A ranar ya ba ni tambayoyi uku da ya ce duk kanikancinsa a kansu yake tsaye. Ta farko, yaushe ƙarar take zuwa: da sanyi ko da zafi, da kaya ko babu kaya, lokacin ba da wuta ko lokacin sakewa. Ta biyu, daga ina take fitowa: sama, tsakiya ko ƙasa. Ta uku, wa take bi, injin ko taya. Ta ukun nan ita ta fi ba ni mamaki saboda sauƙinta. In kana tafiya ka ji ƙara, sai ka matse kuloci ka saki totur, babur ya ci gaba da gangarawa da kansa. Idan ƙarar ta yi ƙasa tare da injin, to ciwon yana cikin injin. Idan ta ci gaba tana bin juyawar taya, to ka bar injin ya huta, ka duba sarƙa, ko boris ɗin taya, ko birkin da ke goga, ko sifok da ya saki. Da wannan gwaji kaɗai, in ji shi, mutum ya raba matsalarsa gida biyu ya yar da rabi. Ƙarar da kuwa ba ta zuwa sai a gudu ɗaya tak, irin tawa, yawanci wani sako-sakon abu ne a jiki da rawar injin ta dace da tasa rawar, kamar yadda faranti ke amsawa a kan tire idan babbar mota ta wuce.

Tun daga nan na mayar da rumfar wurin hutuna na azahar. Kawu bai wuce makarantar allo ba. Ya fara sana'ar tun ana yayin Vespa da Suzuki da Yamaha, ya ga zuwan Jincheng, ya ga roba-roba sun cika gari, ya ga Boxer ta zama jakin 'yan acaɓa. Yakan ji babur tun bai shawo kwana ba ya faɗi mai shi, wani lokaci har ya faɗi abin da ya kawo shi. Ni da na shekara huɗu ana koya mini furuci da tsarin sauti, na san inda harshe ke taɓawa a faɗi kowane baƙi, na rubuta jarrabawa a kan karin sauti da tsawon wasali, sai ga shi ban taɓa sauraren komai da gaske ba. A aji mun karanta amsa-kama, wato kalmomin nan irin su tinjim da fes da ƙwal, a matsayin wani ɗan babi na nahawu da ake haddacewa a wuce. A rumfar Kawu kuwa kayan aiki ne, kamar filaya. Duk wanda ya kawo babur sai ya sa shi ya kwaikwayi ƙarar, kuma na lura bakin mutane ba ya ƙarya ko da ba su san injin ba. Mai cewa cik-cik ko tis-tis, ciwonsa a sama yake, kuma mai sauƙi ne. Mai cewa caka-caka, sarƙa ce. Wanda ya cika baki ya ce gum-gum ko ƙwal-ƙwal, sai ka ga Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa ya miƙe.

A hankali ya riƙa buɗe mini cikin injin da baki, kafin in gani da ido. Irin baburanmu na yanzu bugu huɗu suke yi. Fistin ya sauka ya shaƙi iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ƙarfin ƙunar ya tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Bawul biyu ke tsaron ƙofa, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, kuma kowannensu sau ɗaya yake buɗewa a duk juyi biyu na karanshaf, wato ƙarfen da ke juyawa a can ƙasan injin. Shi ya sa cik-cik ɗin tafet, ɗan abin da ke danna bawul, take tafiya a rabin saurin injin, kamar keken ɗinki a hannun tela mai natsuwa. Tsakanin tafet da bawul akwai 'yar tazara da ba ta wuce kaurin silin gashi ba, kuma sai injin ya huce sarai ake saita ta, domin ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. In tazarar ta yi yawa, sai surutu. Na ce to ai sai a matse ta gaba ɗaya a huta. Kawu ya girgiza kai. Ya ce in an matse, ƙarar za ta ɗauke, mai babur ya tafi yana murna, amma da zarar injin ya yi zafi bawul ba zai ƙara rufuwa ruf ba, wuta ta riƙa lasar bakinsa har ta ƙone shi. "Mai surutu ba ya ba ni tsoro, ɗan nan," in ji shi. "Wanda ya yi shiru gum shi nake tsoro."

Sauran ma ya bi mini su ɗaya bayan ɗaya, duk ranar da mai irin ciwon ya zo. Sarƙar taimin da ta saki tana yin shaka-shaka daga gefe ɗaya, musamman in an bar injin a silo. Kuloci da ya tsufa yana karkarwa in babur yana tsaye ba a giya ba, da ka matse hannun kuloci sai ya yi tsit. Gaskit ɗin bakin salansa in ya ƙone yana yin fit-fit har ka rantse tafet ne, amma za ka ga baƙin hayaƙi ya shafe wurin, in ka kai hannu kusa ka ji iska tana bugunsa. Akwai kuma wadda take kamar an watsa tsakuwa a gwangwani, mai zuwa in ka ɗauki kaya kana hawan tudu a babbar giya cikin rana. Wannan mai ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ko don gurɓataccen fetur irin wanda akan ci karo da shi a wurin 'yan bumburutu, ko don dattin ƙuna ya taru a kan fistin. Maganinta na farko ka rage giya, na biyu ka sake wurin shan mai. Sai kuma fistin da ya cinye ya yi wa silinda kaɗan, abin da ƙurar hunturu ke jawowa ga wanda ba ya wanke soson iska. Shi yana ƙwanƙwasa da sanyin safiya, in injin ya ɗumama ya kumbura ya cike gurbinsa, ƙarar ta ragu. A nan Kawu ya ɗaga yatsa ya ce in riƙe wannan da kyau: ƙarar da zafi ke korewa tana ba ka lokaci, wadda zafi ke kirawo ba ta ba ka.

Wannan magana ce ta faɗo mini a hanyar Maigatari ranar Alhamis ɗin nan. Tawa da zafi ta zo, daga ƙasa take, kuma injin take bi. Na sauke dattijo, ban tsaya neman fasinjan dawowa ba, na lallaɓo a hankali har rumfar Kawu. Ya ce kada in kashe. Ya kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya ɗauko wata doguwar sukundireba da ƙotarta ta sha hannu har tana sheƙi. Ya ɗora bakinta a kan injin daga sama, ya manna ƙotar a ƙashin da ke gaban kunnensa, ya lumshe ido. Ya sauko tsakiya. Ya sauko ƙasa, ya ce a ɗan ba shi wuta a saki. A nan ya daɗe. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Ji da kunnenka, kada ka ce an ce."

Ban taɓa sanin ƙarfe yana ɗaukar sauti haka ba. A sama na ji cik-cik a jere, tsaf, kamar agogo. A tsakiya na ji shuu, shuu, na fistin yana kai da komo. Da na kai ƙasa sai na ji kamar an buɗe ƙofar maƙera: ƙarƙashin gurnanin injin akwai guduma guda, tana sauka da nauyi duk lokacin da aka taɓa totur. Kawu ya kashe injin, ya kwance notin ƙasa, ya tare baƙin man a yankakken galan. Ya kai shi hasken rana ya karkata. Saman man yana ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin kwalli. "Ƙarfe ne wannan," in ji shi. "Boris ɗin kwanrod ya tafi."

Kwanrod shi ne hannun da ya haɗa fistin da karanshaf, kuma a babban bakinsa akwai wasu 'yan sandunan ƙarfe sirara da yake juyawa a kansu. In aka bar injin da ƙarancin mai, ko aka daɗe ba a yi juye ba, sai su ƙwarzane, wuri ya buɗe, kowace fashewar mai ta zama bugun guduma. Ba ya warkewa, ba a saita shi, sai dai a tsaga injin biyu a sake. In aka yi taurin kai, wata rana injin zai buga, kuma in ya buga ana cikin gudu tayar baya tana iya cijewa ta watsar da kai da wanda ka ɗauko. Na tambayi kuɗin gyara. Abin da ya faɗa ya kai abin da nake iya tarawa a wata biyu, ga zubin adashin Inna da na ɗaukar wa kaina duk Juma'a.

Sai Kawu ya faɗi abin da ban zata ba. Ya ce tun ranar da ya yi mini juyen farko ya ga man da ya fito mai kauri ne kamar zuma, irin na giyar manyan motoci, wanda ake ɗurawa domin ya cike gurbin da ya buɗe ya danne ƙara har a rabu da kaya. Da ya zuba man da ya dace, ya ji alamar bugun, siririya. "Na yi shiru don kada in karya wa Yaya zuciya," in ji shi. "Na ce ko zai kai ka ka tara wani abu. Ban kyauta ba. Da na faɗa tun lokacin, da ba ka ɗauki rayukan mutane a kansa ba." Wannan ne karo na farko da na ji babba ya ba ni haƙuri, kuma na rasa inda zan sa idona.

Na ajiye babur a zaure na ce wa Inna sabis ake jira. A majalisar 'yan acaɓa kowa ya kawo tasa shawarar, amma ta wani dillali ce ta zauna mini. Ya ja ni gefe ya ce, "Kai yaro ne. Babur ai ba aurensa ake yi ba. Yadda aka yi maka haka za ka yi, ka karɓi kuɗinka ka sayi wani. Wanda ya saya shi ma ya san inda zai kai shi." Na kwana goma ina juya maganar. Na ce ai ba ni na ɓata injin ba. Na ce kasuwa ce, kowa idonsa ne jarinsa. Na ce kuɗin ma ba nawa ba ne, na tsohuwa ne, kuma kare dukiyarta wajibi ne a kaina. Babu hujjar da ban ƙera ba, domin wanda ya yi karatu ba ya rasa kalmomin da zai yi wa son zuciyarsa rawani. Ranar Talata da dare, bayan kowa ya kwanta, na tsiyaye man da Kawu ya zuba, na ɗura mai kaurin da na sayo a tasha. Da asuba na buga kik. Injin ya tashi luf-luf, daidai yadda ya yi mini ranar da na saye shi. Amma kunnena ya riga ya lalace da sani. Can ƙasa ina jin bugun, dishi-dishi, kamar mai tari a cikin bargo.

Masu sayen suka zo ranar Laraba da la'asar, wani saurayi da bai kai ni shekaru ba tare da mahaifinsa, daga wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar. Kuɗinsu na riɗi da zoɓorodo ne, noman shekara guda, uban ya ƙulle su a hankici cikin aljihun 'yar ciki, yana ta dafa wurin. Dillali ya tayar da babur yana zuba kirari. Saurayin ya matso, ya durƙusa, ya karkata kai ya kasa kunne, yana gyaɗa kai a hankali don mahaifinsa ya ga ya san abin da yake yi. Zan so in ce tsoron Allah ne ya fara kama ni, amma gaskiya ita ce wannan karkata kan ne. Na ga kaina wata uku da suka wuce, da kuɗin awakin Inna a aljihu. Sai bayan nan na tuna da karatun da aka yi mana a Islamiyya, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama.

Aka yi ciniki, aka daidaita. Kafin ya kwance hankicin, dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, an ce kai ɗan makaranta ne. Tsakaninka da Allah, lafiyarsa ƙalau?" Kalmar ƙalau ta zo har bakina. Dillali yana ta ƙifta mini ido. Na ji muryata tana cewa, "Baba, a ba mu minti ashirin ni da ɗanka." Na goya saurayin muka miƙi hanyar Maigatari har injin ya yi zafi man ya saki, muka dawo. Na ciro sukundirebar da na saba ɗauka a ƙarƙashin kujera, na ɗora a ƙasan injin, na manna masa ƙotar a gaban kunne, na taɓa totur. Na ga idonsa ya buɗe. Na gaya musu sunan ciwon, da kuɗin gyaransa, da irin man da na zuba, da dalilin da ya sa na zuba.

Dillali ya zage ni tas, ya ce boko ya lalata mini kai, ya buga babbar rigarsa ya tafi. Dattijon bai yabe ni ba, kuma ban cancanci yabo ba, tunda ni na haƙa ramin da na hana su faɗawa. Ya yi shiru yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana." Da za su tafi ya juyo ya tambaya ko zan raka su in saurara musu wani babur da suka gani da safe. Na raka su. Na sa aka zagaya da shi har ya yi zafi, na bi shi sama da tsakiya da ƙasa, ban ji komai ba sai tafet da sarƙar da ta ɗan saki. Duk da haka na ce kada su biya sai Kawu ya ji.

Washegari na tura nawa har rumfa, ban tayar ba. Kawu ya kwance notin ƙasa, man ya fito a hankali, yana zarya kamar zuma. Ya daɗe yana kallonsa. Ya shafa a yatsa biyu ya murza. Yaran shago duk suka yi tsit. Can ya ɗago ya ce, "Ka sayar?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya ce, "To miƙo mini sifana lamba goma."

Kwana biyu muka yi a kansa, ni ne mai wanke kaya da fetur a kwano. Da aka tsaga injin ya zuba mini 'yan sandunan boris a tafin hannu. Ba su fi ƙwayar shinkafa girma ba, sun yi shuɗi saboda zafi, jikinsu duk ƙuraje. Abin da ya hana ni barci, ya kusa sa in cuci bawan Allah, bai cika cokali ba. Kawu ya karɓo kayan gyara bashi a wurin mai sayar masa, muka yi yarjejeniya in riƙa biya duk mako, in kuma riƙa ba shi safiyata daga bakwai zuwa goma. Daren nan na gaya wa Inna komai, har da maganar man. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, "Awaki dai sun tafi. Kada ka bari mutunci ya bi su."

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Abin da karin maganar bai faɗa ba, wanda na koya a ƙarƙashin darbejiya, shi ne wanda ya gane jawabin ya ɗauki kaya. Kafin in iya saurare, in na sayar da babur mai ciwo, jahilci ne. Bayan na iya, sunansa ya sake. Kunnen da ke gano ciwo shi ne ya fi kowa sanin yadda ake toshe masa baki, kuma babu mai ganin lokacin da mutum yake zaɓa tsakanin biyun, sai shi da Mahaliccinsa, da dare, a zaure, da galan a hannu.

Na gama biyan bashin Kawu a wata na huɗu. Har yanzu ina acaɓa, har yanzu ina aika takardun neman aiki, kuma ina da wani littafi da ya sha baƙin mai inda nake rubuta kalmomin bakanikai da irin amsa-kamar da masu babura ke zuwa da su, ko Allah zai sa wata rana su zama kundin digiri na biyu. Kullum da asuba, kafin in ɗauki kowa, nakan tayar da babur in tsuguna kusa da shi minti biyu. A sama akwai 'yar cik-cik da ni da kaina na saita ta, na bar ta daidai yadda zan riƙa jin ta. In na ji ta, sai in yi bisimilla in hau.